Bayan ƙyanda ta wuce: cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da garkuwar jiki ke haddasawa

A gundumomin Tasawa da Mayahi, kamar sauran sassan jihar Maradi, lokacin ƙyanda sananne ne. Cutar, wadda wasu ke kira dusa wasu kuma baƙon dauro, takan fara bayyana cikin hunturu, ta yi ƙarfi a bazara tsakanin watan Maris da Mayu, sannan ta lafa idan damina ta sauka. Abin da uwaye suka fi tsoro shi ne kwanakin zazzaɓi da ƙuraje, da tari da gudawar da ke biyo baya. Idan fatar yaro ta fara saɓulewa ya nemi abinci, sai a ce an tsallake. Ga mafi yawan yara haka abin yake. Ga wasu ƙalilan kuwa akwai ciwo na biyu da ke zuwa bayan na farko ya tafi, kuma wannan karo ƙwaƙwalwa, ko laka, ko jijiyoyin da ke kai saƙo ga gaɓoɓi ne ke kamuwa.

A wannan ciwo na biyu, sau da yawa ƙwayar birus ɗin ta riga ta bar jiki. Garkuwar jikin da ta tashi domin yaƙarta ce ke ci gaba da faɗa, ta juya kan naman jikin mai ita. Ba ƙyanda kaɗai ke jawo haka ba: ƙarambau, mura mai tsanani, harpes, Zika, da ciwon hanta nau'in E duk an san su da shi. Amma a wannan yanki ƙyanda ce ta fi cancantar a fara da ita, saboda yawan yaran da take kamawa.

Yadda garkuwa ke kuskure

Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da wani rufi mai maiƙo da ake kira miyelin, kwatankwacin robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Idan rufin ya ɗaye, saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke. Garkuwar jiki kuma tana gane abokin gaba ne ta siffarsa. Wani lokaci wani ɓangare na ƙwayar cuta yakan yi kama da wani ɓangare na wannan rufi, sai makaman da jiki ya ƙera domin ƙwayar su kama jijiya. Wani lokaci kuma ƙwayar cutar ce ke fasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, abin da ke ɓoye a cikinsu ya fito fili, garkuwa ta ɗauke shi baƙo.

Jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya ƙera waɗannan makamai. Shi ya sa ake samun tazara tsakanin ciwon farko da na biyu, daga ƴan kwanaki zuwa mako huɗu ko fiye. Wannan tazara ita ce babbar alama ga likita, kuma ita ce ke ɓatar da iyali, domin ba kowa ne zai haɗa ciwon da ya warke makon jiya da rikicewar yau ba.

Hujja mafi ƙarfi game da ƙyanda ta fito ne daga birnin Lima na ƙasar Peru. A shekarar 1984 Richard Johnson na jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ta kumbura bayan ƙyanda. Ba su tarar da alamar ƙwayar cutar tana aiki a cikin ƙwaƙwalwa ba. Abin da suka gani shi ne garkuwar da yawa daga cikin yaran tana maida martani ga wani sinadari na miyelin.

Kumburin ƙwaƙwalwa bayan ƙyanda

Yakan sami kimanin mutum 1 cikin 1000 na waɗanda suka yi ƙyanda, galibi cikin mako biyu da fitowar ƙuraje. Yaron da zazzaɓinsa ya sauka sai ya sake ɗaukar zafi, ya riƙa kukan ciwon kai, ya yi amai, barci ya yi masa yawa har a kasa tada shi, ko ya fara jijjiga. Wani hannu ko ƙafa ta mutu, wani ya daina gani sosai, wani fitsari ya tsaya masa idan laka ta taɓu. Cikin waɗanda abin ya sama, 1 zuwa 2 cikin 10 sukan rasu. Cikin waɗanda suka tashi, da yawa sukan rage da wani miki: kurumta, farfaɗiya, nauyin fahimta, ko sauyin hali, yaro mai sanyi ya koma mai duka da fashe-fashe.

Ɗaya cikin dubu lissafi ne da ke da sauƙin rainawa. Amma a watanni uku na farkon shekarar 2021 kawai, an ƙidaya masu ƙyanda sama da 3,200 a Nijar, kusan ninki uku na daidai wannan lokaci a 2020, kuma ƙidayar ta waɗanda suka je likita ce. Duk gundumar da ta sami masu ƙyanda 2,000 a bazara ɗaya, ta sa ran yara kamar biyu da ƙwaƙwalwarsu za ta kumbura. Ba sa fitowa a rahoto da wannan suna. Sukan ɓace cikin adadin mace-macen ƙyanda gaba ɗaya, wanda ya kai kusan 1 cikin 10 a binciken da aka yi a gundumar Miriya ta jihar Damagaram bayan annobar 2003, ko kuma a rubuta su a matsayin sanƙarau.

Wannan ruɗani yana da dalili. Ƙyanda da sanƙarau lokacinsu ɗaya ne a nan, watannin zafi da ƙura, kuma yaro mai zazzaɓi da jijjiga da sandarewar wuya dole a ɗauke shi mai sanƙarau har sai an tabbatar da akasin haka. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ne ke zuwa a zuciyar kowane ma'aikacin lafiya. Daidai ne a fara da maganin waɗannan biyu, tun da suna kisa cikin sa'o'i kuma maganinsu yana nan a hannu. Matsalar tana farawa ne idan an tsaya nan. Gwajin jini na gaggawa yakan nuna ƙwayar maleriya a jikin yara da yawa a yankin ko da ba ita ce ta kwantar da su ba. Yaron da ya sha magani kwana uku bai farfaɗo ba, ga shi fatarsa na nuna tabon ƙyandar da ta wuce, yana buƙatar a ɗebi ruwan bayansa a duba, a kuma sake tunani.

Irin wannan kumburi, idan ya biyo bayan wasu ƙwayoyin birus ɗin, ana yi masa magani da kortikoyid mai ƙarfi ta jijiyar jini kwana 3 zuwa 5, sannan a riƙa rage shi ta baki, kuma mafi yawan yara suna warkewa. Na bayan ƙyanda ya fi sauran muni, kuma amfanin kortikoyid a kansa bai fito fili kamar haka ba. Abin da ke ceton rai a asibitin gunduma sau da yawa aikin jinya ne: tsayar da jijjiga, ciyarwa ta bututun hanci, sauke zazzaɓi, juya maras lafiya kada jikinsa ya yi gyambo, da bitamin A wadda ake ba duk yaro mai ƙyanda.

Na ƙarambau ya fi sauƙi. Kimanin yaro 1 cikin 4000 yakan fara tangaɗi kamar mai maye mako ɗaya ko biyu bayan ƙuraje, hannu na rawa, magana na harɗewa. Abin tsoro ne a gani, amma kusan duk suna komawa daidai cikin makonni.

Ƙafafun da suka mutu ba shan inna ba

A shekarar 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, likitocin Faransa uku, Georges Guillain, Jean-Alexandre Barré da André Strohl, suka bayyana ciwon wasu sojoji biyu da ƙafafunsu suka mutu, ruwan bayansu cike da furotin amma babu ƙwayoyin kumburi. Sunan biyu na farko ne ya zauna wa ciwon. Yana kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara, yaro da babba, kuma kashi biyu cikin uku na masu shi sun yi gudawa ko mura a makonnin da suka gabata. Ƙwayar da ta fi jawo shi a duniya bakteriya ce ta gudawa mai suna Campylobacter, wadda ake samu a kaji da gurɓataccen ruwa. Ƙwayoyin birus suna biye. Lokacin annobar Zika a tsibiran Folinesiya na Faransa a 2013 da 2014, mutum 42 suka kwanta da shi cikin ƴan watanni. Ciwon hanta nau'in E, wanda ya yi annoba a jihar Difa a 2017, shi ma yana cikin sanannun masu jawo shi.

Yakan fara da jin tsiyaya ko mutuwar yatsun ƙafa, sai rauni ya riƙa hawa sama ta ɓangarorin biyu daidai wa daida: yau mutum ya kasa tashi daga tabarma, jibi ya kasa ɗaga hannu. Hankalinsa yana nan garau. Raunin yakan kai ƙarshensa cikin mako huɗu. Haɗarin shi ne ya isa ƙirji, kuma kimanin 1 cikin 4 na masu ciwon suna buƙatar na'urar numfashi. Wanda ya fara shaƙewa da ruwa, ko muryarsa ta dushe, ko ya kasa ƙirga 1 zuwa 20 da numfashi ɗaya, bai kamata ya ƙara kwana a ƙauye ba. Daga Tasawa zuwa Maradi tafiyar kimanin kilomita 120 ce a kan kwalta, ban da hanyar rairayin da mutumin Urafan ko Korgom zai bi kafin ya hau ta. Gara a tashi tun maras lafiya yana numfashi da kansa.

Shan inna yakan zo da zazzaɓi, ya kama ƙafa ɗaya fiye da ɗaya. Akwai kuma wani dalili na uku da ma'aikatan lafiya na Sahel suka sani sarai: allurar da aka yi a ɗuwawu ba daidai ba, musamman ta kinin, ta taɓa babbar jijiyar ƙafa. Ido kaɗai ba ya rarrabe su, shi ya sa ƙa'ida ta ce duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta mutu farat ɗaya a sanar da shi, a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla sa'o'i 24, cikin kwana 14, a aika ɗakin bincike. An ga ƙwayar shan inna ta daji karo na ƙarshe a Nijar a 2012, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta bayyana yankin Afirka ya rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020, amma sa idon bai tsaya ba. Hasali ma ana auna ingancinsa da ko gunduma tana gano aƙalla yara 2 cikin 100,000 masu shanyewar da ba ta inna ba a shekara, kuma da yawansu masu Guillain-Barré ne. Wato tsarin lafiya yana ganin waɗannan yara, yana rubuta sunansu. Sai dai an gina tsarin ne domin neman ƙwayar inna, kuma idan sakamako ya dawo babu ita, aikinsa ya ƙare, yaron kuwa yana kwance.

Kortikoyid ba ya aiki a wannan ciwo. Magani biyu ne aka tabbatar: imunogulobulin ta jijiyar jini tsawon kwana 5, ko wanke ruwan jini da na'ura. Dukansu masu tsada ne ƙwarai kuma na manyan asibitoci ne. Duk da haka mafi yawan waɗanda suka wuce makonnin farko suna sake tafiya da ƙafarsu cikin watanni, yara ma sun fi saurin tashi, muddin ana miƙe musu gaɓoɓi kullum kada su ƙage.

Inda ciwon ke kama da taɓin hankali

Nan ne aka fi yin asara, domin maras lafiyan ba ya kama da mai ciwon jiki. A 2007 likita Josep Dalmau da abokan aikinsa a birnin Filadelfiya na Amurka suka gano wani ciwo inda garkuwa ke kama wata ƙofar saƙo a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA. Ya fi kama yara da ƴan mata. Yakan fara da rashin barci, tsoro, ganin abin da babu, surutai marasa kan gado, fushi. Bayan kwanaki sai magana ta ɗauke, baki da harshe su riƙa motsi da kansu, jijjiga ta zo, jiki ya sandare, numfashi da bugun zuciya su rikice. A wasu mata wani ƙari ne a ƙwan haihuwa ke tada shi, kuma cire ƙarin yana cikin magani. A wasu kuma ƙwayar birus ce.

Misalin da aka fi tabbatarwa shi ne na harpes, ƙwayar nan da ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Jefi-jefi takan shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, a yi mata magani da asikulobir mako biyu zuwa uku. Wani bincike da aka yi a Sifaniya aka wallafa a 2018 ya nuna kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka yi wannan ciwo sun sake rikicewa cikin watanni uku, ba don ƙwayar ta dawo ba, sai don garkuwarsu ta juya musu. Ƙananan yara sun fi nuna motsin gaɓoɓi ba da sonsu ba, manya kuwa taɓin hankali.

A ƙauyukan Gulbin Kaba, budurwar da ta tashi dare ɗaya tana ihu, tana magana da wanda ba a gani, kusan kowa zai ce iska ce. Sai a nemi malami ya yi ruƙiyya, ko a kai ta wurin masu bori, waɗanda ke da tsohon tarihi a ƙasar Maradi. Iyalin ba su yi wauta ba, abin da suka gani ne suka fassara da abin da suka sani, kuma likita ma yakan ruɗe ya ce ciwon hauka ne. Abin da ke bambanta shi ƴan abubuwa ne da uwa za ta iya lura da su: abin ya zo cikin kwanaki ga wadda ba ta taɓa yi ba, akwai zazzaɓi ko ciwon kai kafin nan, akwai jijjiga, akwai taune-taunen baki, tana mantuwa, tana barci da farkawa ba bisa ƙa'ida ba. Addu'a ba ta hana zuwa likita, amma ɗauri a ɗaki da jiran mako uku yana hanawa. Akwai ƙarin haɗari ɗaya: masu wannan ciwo sau da yawa ba sa jure magungunan kwantar da mahaukata irin su haloperidol, jikinsu yakan sandare ya ɗauki zafi. Wanda aka ba irin wannan magani ya ƙara lalacewa, alama ce a sake bincike.

Tabbatar da ciwon yana buƙatar gwajin ruwan baya a ɗakin bincike na musamman, abin da ya fi ƙarfin asibitin gunduma. Amma likitoci a duniya sun yarda a fara magani bisa alamu idan an kawar da sauran dalilai, kuma matakin farko kortikoyid ne, wanda ba baƙo ba ne a asibitocin Maradi da Yamai. A wani babban bincike na mutum 577 da aka wallafa a 2013, kusan 8 cikin 10 sun warke sosai cikin shekara biyu, kuma waɗanda aka fara wa magani da wuri sun fi samun sauƙi.

Wanda ke jira shekaru

Akwai wani ciwo na ƙyanda da ake haɗa shi da waɗannan ko da yake hanyarsa daban ce. A nan ƙwayar cutar ce da kanta ke ɓuya a ƙwaƙwalwa, garkuwa ta kasa fitar da ita, sai bayan shekara 7 zuwa 10 ta bayyana. Likitoci masu aiki da Faransanci suna taƙaita sunansa PESS. Malamin lakwal ne yakan fara lura: ɗalibi mai ƙoƙari ya fara mantuwa, rubutunsa ya lalace, ya zama mai faɗa. Daga baya jiki ya riƙa zabura yana faɗuwa, magana ta tafi, gani ya tafi, kuma kusan kullum mutuwa ce ƙarshensa cikin shekara 1 zuwa 3. An daɗe ana lissafa shi 4 zuwa 11 cikin 100,000 na masu ƙyanda, har wani bincike a jihar Kalifoniya ya nuna ya kai kusan 1 cikin 600 ga waɗanda suka yi ƙyanda kafin su cika shekara ɗaya. A wurin da jarirai ke kamuwa tun suna goye, wannan adadi ne ya fi dacewa a riƙe. Kuma yaron da ke da shekara 10 ya riga ya fita daga tsarin magani kyauta na ƴan ƙasa da shekara 5 da Nijar ta kafa a 2006, komai na wuyan ubansa.

Abin da ke hannu a CSI

Babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa a CSI na Maijirgi ko na Kanambakashe, kuma ba za a jira ta ba. Abin da majo ke da shi tambaya ce: me ya yi fama da shi mako biyu ko huɗu da suka wuce? Ƙuraje, gudawa, mura, idon da ya yi rawaya? Amsar, idan an rubuta ta a takardar da za a tura maras lafiya da ita zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, takan rage wa likitan can kwanaki na lalube. Ga iyali kuma, a tafi da karnen yaro, a kuma faɗi ciwon baya ko da ba a tambaya ba.

Kumburin bayan ƙyanda da PESS duka allurar rigakafi tana hana su, tun da babu su sai da ƙyanda. Ta farko ana yin ta a wata 9, ta biyu cikin shekara ta biyu ta rayuwa, kuma ita ce aka fi tsallakewa, lokacin uwa ta ɗauka an gama zuwa awo. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 da ba su da kariya, shi ya sa sai kusan kashi 95 cikin 100 na yara sun sami allura biyu kafin cutar ta daina yawo, kuma wannan ne ke kare jaririn da bai kai wata 9 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011, wanda ya auna hasken fitilun dare a Yamai, Maradi da Damagaram ta tauraron ɗan adam, ya nuna ƙyanda tana tashi ne daidai lokacin da ƴan cin rani ke cika birane bayan girbi. Yawancin waɗannan ƴan cin rani daga ƙauyuka irin na Tasawa da Mayahi suke fitowa, kuma can suke komawa da iyalansu gabanin shuka.